Kafin Ka Biya Kuɗin Fegi a Gombe: Yadda Ake Auna Unguwa, Haraji da Makarantar Yara

A watan Maris na wata shekara wani dillali ya goya ni a babur muka nufi bayan gari. Ya tsaya a gaban wani fegi mai ƙafa hamsin a ɗari, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ya ce, "Malam, wallahi mutum uku ne a kansa, kai na fara kira saboda mutunci." Kuɗin bai kai rabin abin da ake faɗa a cikin gari ba. Saura ƙiris in ba da kafin alƙalami a wurin. Da daddare na je gaida kawuna na ba shi labari ina murna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa zuwa wurin da damina? Nawa matan unguwar suke sayen ruwa? Jikokina fa, wace makaranta za su shiga?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Na koma a watan Agusta. Hanyar da muka bi a babur ta yanke, ruwa ya haƙa kwari har ƙirjin mutum, na iske yara uku sanye da kayan makaranta a bakinsa, takalmansu a hannu, suna jiran ruwa ya janye.

Tun daga ranar na fahimci kuɗin da dillali yake faɗa kashin farko ne kawai. Ragowar unguwa ce za ta riƙa karɓa a hannunka kowace safiya: kuɗin Keke, kuɗin ruwa, kuɗin makaranta, kuɗin ƙasa. Wannan jagorar ta yadda za ka san wannan ragowar ce tun kuɗinka na aljihunka. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana, amma mata da yawa a Gombe suna sayen fegi da kuɗin adashi ko na gado, kuma duk abin da ke nan ya shafe su.

Mataki na farko: ka rubuta yinin gidanka kafin ka kira dillali

Ka zauna da maman yara da takarda da biro. Ku rubuta inda kowa yake zuwa daga asuba zuwa isha'i: wurin aikinka ko shagonka, makarantar boko ta kowane yaro, Islamiyya, kasuwa, asibiti, gidan iyaye idan akwai tsofaffin da ake dubawa. Ita ce ta fi ka sanin abin da rashin ruwa yake nufi, kuma ita za ta yini a unguwar lokacin da kake waje, saboda haka maganarta a nan ba shawarar neman albarka ba ce kawai.

Sai ku rubuta shekarun yaran, ku ƙara wa kowa shekara 10. 'Yar da ke aji biyu na firamare yau, budurwa ce mai zuwa babbar sakandare a lokacin. Gida ba riga ba ne da za a canza idan ya matse.

Daga nan sai kuɗi. Duk abin da kake da shi, kada ka ɗauka duka na fegi ne. Ka cire la'adar dillali, wadda galibi ake maganar kashi 5 cikin ɗari, wani lokaci har 10, da kuɗin lauya, da na safiyo, da na takardu, da na katanga. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashinsa zuwa asusun gidaje na NHF ya je ya tambayi matsayinsa a Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Rancensu yana da ruwa na kashi 6 a shekara, don haka wanda yake kiyaye wannan ya nemi fatawa tukuna, ko ya tambayi tsarin haya-zuwa-mallaka da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Dukansu takardar fili mai inganci suke nema, ba ta mai unguwa ba.

Mataki na biyu: ka san garin, ka san ƙaramar hukumar da za ka faɗa

Tun da aka cire jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba 1996, garin yake faɗaɗa ta kowace kusurwa. Ƙaramar hukumar Gombe kanta 'yar ƙarama ce, gari ya daɗe da tsallake iyakarta. Wanda ya sayi gida a Tumfure, a kan titin Bauchi, yana cikin Akko ne, kuma sakatariyar ƙaramar hukumarsa tana Kumo. Wanda ya nufi gabas ta titin Biu, wajen Kwadon, ya shiga Yamaltu/Deba. Ta arewa kuma ba a nisa ake shiga Kwami, mai hedikwata a Malam Sidi. Mutane da yawa ba sa tunanin wannan sai ranar da wata takarda ta tashi. Ƙaramar hukuma ce ke da ikon karɓar harajin gine-gine, hukumar iliminta ce ke tura malamai firamaren gwamnati ta unguwar, kuma hakiminta da dagacinta ne za su shiga maganarka idan rikicin iyaka ya taso. Ka kuma sani sayen gida a wuri ba ya mayar da 'ya'yanka 'yan asalin wannan ƙaramar hukumar a takarda.

A taƙaice unguwannin kashi uku ne. Akwai tsofaffi na cikin gari irin su Jekadafari, Bolari, Herwagana, Kumbiya-Kumbiya, Tudun Wada da Pantami. A nan fegi babu kowa a kai ya yi wuya, yawanci tsohon gida za ka saya, sau da yawa na gado, amma kasuwa da asibiti da makaranta suna kusa, ga jama'a. Akwai shiryayyun wurare irin su GRA da Federal Low-Cost da rukunin gidajen gwamnati, inda titi yake a tsare, takarda ta fi tsabta, kuɗi kuma ya fi tsauri. Sai sababbin unguwannin gefen gari, inda gonakin jiya suka zama fegi-fegi. Yawancin mu a nan ƙarfinmu yake kai mu, kuma a nan aka fi yin kuka.

Kalmomi biyu za ka riƙe: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne shimfiɗar da hukuma ta zana, aka fitar da tituna, aka ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta. Awon igiya kuwa mai gona ne ya kira mai awo ya yanka gonarsa yadda za ta fi ba shi kuɗi. Ba kowane awon igiya ne ɓatacce ba, rabin garin a kansa yake zaune. Amma mai gona ba ya barin fegi 20 don makarantar da ba a gina ba, kuma lungun da ya bari motar yashi ba lallai ta shiga ba. Unguwar da ba a ware mata filin makaranta ba, ko gwamnati ta so ginawa gobe babu inda za ta sa.

Mataki na uku: ka je makarantar da ƙafarka

Nan ne nake so ka fi ba da lokaci, domin nan ne kuskure ya fi tsada kuma ya fi wuyar gyara. Dillali zai ce maka "ai ga makaranta nan kusa". Gani ya kori ji. Ka ajiye abin hawa a ƙofar fegin, ka taka zuwa makarantar kana duba agogo, sannan ka ninka lokacin, domin ƙafar ɗan shekara shida ba taka ba ce. A hanya ka lura: zai tsallaka babban titi? Titin Bauchi da na Biu da na Dukku da hanyar bayan gari manyan motoci ne ke bin su dare da rana. Zai tsallaka kwari? Akwai gada ko sai an gangara? Akwai kango ko majalisar zauna-gari-banza da 'yarka za ta riƙa giftawa kullum?

Ka je ranar Talata ko Laraba da misalin ƙarfe goma, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba. Ka yi wa shugaban makaranta sallama cikin mutunci, ka ce kana shirin tarewa a unguwar. Ka leƙa aji uku na firamare ka ƙirga yara da idonka. A kan benci suke ko a ƙasa? Malami na ciki ko yana gindin bishiya? Ka roƙi littafin yaro ɗaya, ba wanda malami ya zaɓa ba, ka duba ranar ƙarshe da aka sa masa jan biro. Na taɓa buɗe littafin wani yaro a wata makarantar kuɗi mai fenti mai kyau da motar ɗaukar ɗalibai, na tarar mako uku babu hannun malami a ciki, kuma yaron ya kwafi abin da ke kan allo tsaf amma da na nuna masa layi ɗaya ya kasa karantawa. Ka duba bayan gida, ka duba ko na mata daban yake, ka duba ruwan sha da katanga. Yarinyar da ta fara girma ba ta zama a makarantar da ba ta da bayan gida mai ƙofa, ko ba ta faɗa maka dalili ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma wajibi ne a makarantun gwamnati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya biyar. Makarantun gwamnati ba ɗaya suke ba: akwai wadda aka gyara, shugabanta na tsaye, kwamitin iyaye na aiki, akwai kuma wadda yara suka fi ƙarfin ajin. Unguwar da ke kusa da ta farkon ta fi ƙarfin kuɗin da za ka ƙara a kan fegi. Ko kana da niyyar makarantar kuɗi, ka so a ce akwai ta gwamnati mai kyau a kusa, domin yau da gobe sai Allah: albashi na iya tsayawa, kasuwa na iya juyawa, mai gida na iya faɗuwa.

Idan ta kuɗi ce, tambayoyinka su zama na takarda. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta yi mata rajista? A nuna maka shaida. Idan tana da sakandare, cibiyar jarrabawar WAEC da NECO ce da kanta, ko kai ɗalibai take yi wata makaranta su zana? Idan mai haɗa boko da Arabiyya ce, tana da rajistar NBAIS, hukumar jarrabawar Arabiyya da ilimin Musulunci? Ginin nata ne ko haya take? Makarantar da ke cikin gidan haya tana iya tashi daga unguwar shekara guda bayan ka tare. Ka tambayi kuɗin zango na shekara uku da suka wuce don ka ga yadda yake hawa, ka haɗa da na littattafai da kayan makaranta da na bikin yaye ɗalibai. Ka tambayi malamai nawa ne suka kai shekara uku a wurin. Inda ake canza malami kowane zango, albashi ne ba ya isa, kuma yaro ne ke biyan bashin. Makarantar da take alfahari da cewa ba a faɗuwa jarrabawa a wurinta kuwa, ka bincika da kyau ko karatu ne ko rubuta wa yara amsa ake yi. Ranar JAMB, yaro da kwamfuta ne kaɗai a gabansa.

Kada ka manta da ta yamma. Islamiyya ko makarantar allo ko ta haddar Alƙur'ani tafiya ce ta biyu a rana, wani lokaci har bayan magariba. Ka san su waye malaman, wace koyarwa suke bi, ko ta dace da abin da kake so 'ya'yanka su tashi a kai, kuma wa zai rako yaran idan duhu ya yi. Iyalin Kirista su ma su auna nisan coci da na karatun yara na ranar Lahadi haka nan.

Sai ka ɗaga kai ka dubi gaba. Ina sakandaren jeka-ka-dawo mafi kusa? Wanda yake sa ran 'ya'yansa su yi Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004 a Tudun Wada, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke titin Ashaka, gida a kusa da su zai rage masa kuɗin masauki, kuma ɗaki biyu a waje na iya kawo kuɗin haya daga ɗalibai. Sai dai unguwar ɗalibai tana da hayaniyarta, ka auna da tarbiyyar ƙananan da ke gabanka.

Mataki na huɗu: harajin da ke rubuce

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma shaidarsa ita ce takardar da gwamna yake bayarwa, wato C of O. Saboda haka ne ake biyan kuɗin ƙasa duk shekara ga gwamnatin jiha. Ba kuɗi ɗaya ba ne ga kowa: ya danganta da yankin da filin yake, da girmansa, da abin da aka ba da shi dominsa. Babban fili a GRA ya fi ƙaramin fegi a unguwa mai cunkoso, filin kasuwanci ya fi na zama. A Gombe harkar filaye tana hannun hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Ka je ofishinsu da lambar fayil ko zanen safiyo ka nemi a gaya maka abin da wannan filin zai riƙa biya, ka rubuta. Kada ka karɓi adadi daga bakin dillali.

Abin da ya fi cizo shi ne bashin baya. Kuɗin ƙasa filin yake bi, ba mutum ba. Idan mai gidan ya shekara 15 bai biya ba, ranar da ka je mayar da takarda sunanka kai za a miƙa wa lissafin. Ka nemi rasit na ƙarshe. Idan babu, a fitar da bashin a hukuma, a cire shi daga kuɗin ciniki, a rubuta haka a yarjejeniya. Mutanenmu sun saba cewa "wa yake biyan wannan?" Wannan zamanin yana wucewa. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa, kuma dokar da ta ba da wannan ikon ita ce dai take aiki a kowace jiha. Jihohi duka suna neman kuɗin shiga, kuma gidan da ya shiga kwamfuta ba ya ɓacewa kamar fayil a kabad.

Na biyu shi ne harajin gine-gine, wanda tsarin mulkin 1999 ya sa a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ka tambayi maƙwabtan da za ka zauna da su ko ana kawo musu takardarsa, kuma nawa. Idan kana shirin fitar da shaguna a jikin katanga, lissafin ya canza: akwai kuɗin shago, akwai kuma batun izinin canza amfanin fili.

Na uku kuɗaɗen sau ɗaya ne, amma su ne masu nauyi: kuɗin bincike, kuɗin amincewar gwamna, harajin hatimi, kuɗin rajista. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a mayar da fili mai shaidar gwamna hannun wani sai da amincewar gwamna. Wanda ya sayi gida mai C of O ya ajiye takardar da sunan tsohon mai shi a ƙarƙashin katifa, a idon hukuma bai gama saye ba. Wasu daga cikin kuɗaɗen nan da ƙimar gidan ake lissafa su, don haka gida mai tsada takardarsa ma mai tsada ce. Idan gini za ka yi, akwai izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Duk wannan ta banki ake biya a karɓi rasit na gwamnati. Wanda ya ce ka ba shi a hannu zai ƙarasa maka, ka gode masa ka wuce.

Ga ma'aikaci mai biyan harajin albashi: sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2026 ta ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. Ranar da ka tare a gidanka wannan ya faɗi. Bai kai ya hana mutum mallakar gida ba, amma ya shiga lissafi.

Mataki na biyar: harajin da ba a rubuta ba

Gaskiyar magana, a Gombe harajin hukuma bai kai rabin wannan ba. Na farkonsa ruwa. Ruwan famfon gari daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kuma ba kowace unguwa bututu ya kai ba, inda ya kai ma ba kullum yake zuwa ba. A tudun yammacin gari ruwan ƙasa yana da zurfi ƙwarai, haƙa rijiyar burtsatse a can ba aikin mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Kada ka tambayi mai sayarwa. Ka tsayar da ɗan ga-ruwa ka tambaye shi nawa kura take a watan Afrilu, kuma daga ina yake ɗebowa. Ka tambayi wanda ya haƙa a layin mita nawa ya yi kafin ya samu. Idan ka ga kowane gida da rijiyar siminti ta ajiya a ƙofa, unguwar tanka ce ke shayar da ita.

Na biyu ruwan sama. Gombe a kwari take, ruwa yana gangarowa daga tuddan yamma ya ratsa gari zuwa gabas, ƙasar kuma mai yashi ce, tana zaizayewa da sauri. Manya ba su manta da ambaliyar 2004 ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaure manyan kwaruruka, kamar wanda ya taso daga jami'ar jiha ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal, amma ƙananan da ke ciyar da su suna nan, kuma kowane sabon rufin kwano ƙarin ruwa ne a lungu. Ka je wurin washegarin ruwa mai ƙarfi, a Yuli ko Agusta. Ka dubi gindin katangun maƙwabta: akwai layin laka? An jera buhunan yashi a ƙofa? Tushen gini ya fito waje? Idan ƙasar baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ka dubi bangon gidajen kusa ko sun dare, domin irin wannan ƙasa tana cin kuɗin tushe kafin a ga bulo ɗaya a sama.

Sai wuta. Kamfanin JED ne ke raba ta a Gombe. Ka tambayi layin da unguwar take kai da rukuninta, domin tun Afrilun 2024 'yan rukunin A suke biyan kuɗi mai yawa a kan alkawarin awa 20 a rana. A sababbin unguwanni kuma mazauna ne ke karo-karon turaku da waya da taransifoma, sabon zuwa ana jiransa da nasa kason. Ka kuma ɗaga kai: ba a gini a ƙarƙashin babbar wayar wuta. An ware faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga na 132kV. Fegin da ya yi arha a irin wannan wuri, ko a jikin layin dogo, ko a bakin kwari, jiran jan fentin rusau yake.

Tsaro kuwa da dare ake ganinsa. Ka je bayan isha'i. Ka yi sallah a masallacin layin, ka zauna wurin mai shayi, ka ji ko ana maganar 'yan kalare, wato 'yan daban Gombe, ko ƙwacen waya, nawa ake ba 'yan sintiri a wata, kuma ko ɗan acaɓa yana yarda ya shiga unguwar ƙarfe tara. Ranar da naƙuda ta tashi tsakar dare, nisanka da Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya shi ne zai zama maganar.

Mataki na shida: ka ɗora unguwa biyu a ma'auni

Yanzu ka rage zaɓinka zuwa biyu, ka yi musu lissafin shekara. Lambobin nan misali ne kawai, ka sa naka. A ce fegin bayan gari naira miliyan 3, na kusa miliyan 6. A na bayan gari, yara uku suna cin naira 1,500 na Keke kowace ranar makaranta. Zango uku kusan kwana 190 ne, ka ga 285,000. Ruwa naira 1,000 a rana, 365,000. Ƙarin kuɗin zuwa aikinka naira 800 sau kwana 240, 192,000. Jimla 842,000. A na kusa yara da ƙafa suke zuwa, ruwa naira 300 a rana, 109,500, ka ƙara 30,000 na bambancin haraji, 139,500. Tazarar ta haura 700,000 a shekara. Kafin ɗanka na aji ɗaya ya gama aji biyar, miliyan ukun da ka ji daɗin ragewa ta ƙare a hanya. Araha ba ta ado. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ne ya fi komai saurin tashi a wannan lissafin.

Ban ce bayan gari ba shi da amfani ba. Wanda bai yi aure ba, ko 'ya'yansa sun girma, ko yake sayen ajiya, ko yake da abin hawa da sana'ar da ba ta ɗaure shi da cikin gari ba, fili mai faɗi a gefe zai iya fi masa. Tumfure ma da can bayan gari ce. Amma mai ƙananan yara a yau yake rayuwa, ba a shekara 15 masu zuwa ba, kuma "za a kawo titi" da "za a gina makaranta" ba a sa su a lissafi sai an ga motar aiki a wurin.

Mataki na bakwai: takarda da mai sayarwa

Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara da mai unguwa ko jauro, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, fili kaza nake nema, na zo in ji tarihinsa." Sannan ka tambayi maƙwabtan kusurwa huɗu, kowa shi kaɗai. Amma hatimin mai unguwa shaida ce ta cewa an yi ciniki, ba ya hana a ce filin yana cikin shimfiɗar gwamnati ko an riga an ba wani. Wannan sai binciken GOGIS: sunan wa ke kan fayil, an jinginar da shi a banki, yana kan titi ko filin makaranta? Ka ɗauki safiyo mai rajista, naka ba na mai sayarwa ba, ya auna ya tabbatar duwatsun iyaka sun yi daidai da zane. Ka tuna kuma idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar doka a kan abin da aka gina ko aka shuka take, ba a kan kuɗin da ka ba dillali ba.

Gidan gado sai an yi taka-tsantsan na musamman. A nuna maka takardar rabon gado daga kotu. Kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari, marayu kuma ta hannun waliyyin da kotu ta sani. Idan kason mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shufa'a, za su iya mayar maka da kuɗinka su karɓe. "Ni ne babba, na isa da kowa" ba takarda ba ce.

Mataki na takwas: ranar biya

Ka yi istihara kafin ranar. Lauyanka ne zai rubuta yarjejeniya, da cikakken bayanin filin, da kuɗin, da wanda zai biya bashin baya, da sharaɗin mayar da kuɗi idan wani ya fito da haƙƙi. A biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai filin, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. Shaidu biyu daga kowane ɓangare, a sa hannu a kan filin idan zai yiwu, a ɗauki hoto. Ka karɓi asalin takardu duka a zaman, ba kwafi ba. A cikin makon ka shigar da neman mayar da suna, ka zuba yashi da bulo, ka ɗaga katanga ko layi huɗu ne, ka ba maƙwabci lambar wayarka. Idan fili ne na rabon gwamnati, ka karanta wa'adin gini da ke cikin takardar, galibi shekara biyu ne, ka tsara aikinka a kai. Sannan ka koma wurin shugaban makarantar nan da ka ziyarta ka tambayi lokacin da suke ɗaukar sababbin ɗalibai da takardun da ake kawowa daga tsohuwar makaranta, don tarewarku ta faɗo a hutun ƙarshen shekara, kada yara su rasa zango.